Fanka a Cikin Leda

Shekara goma sha tara Mai Fanka ya yi yana gyaran fanka a wani ɗan shago da ba a juyawa a cikinsa sai an taka waya. Bana kasuwa ta yi masa tsit. Har ta kai matarsa ta ba shi wa'adi: idan wata ya ƙare babu canji, ya rufe ya koma tsaron shagon robobin yayanta. Shi kuwa a duniya ba abin da ya tsana irin ya ji wannan mutumin yana ce masa, "Miƙo bokiti."

"Maigida, bidiyo za ka riƙa yi," in ji ta. "Yanzu kowa a waya yake neman mai gyara. Ni zan riƙe maka."

Suka fara, ita tana ɗauka, shi yana bayani. Matsalar Mai Fanka ita ce kirki ya yi masa yawa, ga baki ba ya gajiya. In ya kama fanka sai ya kwance ta kaf, ya nuna inda ake ɗiga mai, ya nuna wayar da ke yawan tsinkewa, ya mayar da komai, ya kunna. Cikin mako biyu mabiyansa suka haura dubu takwas. Saƙonni sai shigowa suke: "Allah ya saka, Baba, na gyara tawa da kaina!" Shi kuma yana karantawa yana washe baki, bawan Allah. Sai a mako na uku ya lura ko 'yan tsirarun da ke zuwa a da sun daina. Maƙwabcinsa mai wanki kaɗai ya leƙo, shi ma aron sukundireba ya zo.

Ransa ya ɓaci ba kaɗan ba. Saura kwana shida wa'adin ya cika, har yayan matar ya aiko a auna shi saboda rigar ma'aikata.

Ya ce to bari ya yi bidiyon bankwana. Ya ɗauko wata ƙatuwar fankar tsaye ya kwance ta har hanji, ya jera sukurori ashirin da ɗaya a kan benci, ya ɗaga yatsa.

"To, yanzu ku kula da kyau, domin wajen mayarwa ne ake..."

A nan cajin wayar ya ƙare. Matar ta ga ya ɗauko bayani da zafinsa, ta kasa katse shi, ta ci gaba da riƙe matacciyar waya minti ashirin tana gyaɗa kai. Da ta koma gida ta ɗora abin da ya samu a intanet, ba ta gaya masa ba.

Bayan kwana biyu ya zo buɗe shago ya tarar da layi. Kowa da leda a hannu, tana ƙara kacau-kacau. Wani direba ya zo da fanka uku a buhu ɗaya, duk sun cakuɗe.

"Ta ɗakina ce, da ta falo, da ta surukata," ya ce a hankali. "Ita ba ta sani ba tukuna."

Wata tsohuwa ta zazzage tata a kan benci. "Kai ne ka ce mu kwance, ɗan nan! Ina sauran bayanin? Kwana biyu ina fifita da kwali!"

Sai a lokacin matar ta raɗa masa abin da ya faru. Kunya ta rufe shi, ya haɗa ta tsohuwar kyauta, yana ta ba ta haƙuri.

"Maigida," matar ta ce, "mu ɗauki rabin da ya rage yanzu mu ɗora musu?"

Ya leƙa waje. Layin har ya sha kwana. Rabon da ya ga haka tun yana da gashi a ka, kuma duk kunyar da yake ji ba ta hana shi jin daɗi ba.

"Za mu ɗauka mana, ai haƙƙinsu ne," ya ce. Ya ɗaga murya, "Na gaba!" Sannan ya sunkuyo kusa da kunnenta. "Amma ki fara nemo mana dutsen guga, shi za mu kwance musu a bidiyo na gaba. Kuma don Allah kada ki cika wa wayar nan caji."