Tumatirin Mama

Rana ce ta yaudari Bodil. Bayan wata da watanni gari na rufe, sai ta leƙo wata safiya, ƙanƙarar kan rufi ta fara ɗiga, fararen furanni suka tsaga ƙasa a gindin shinge. Bodil, wadda ta haura sittin kuma ta san halin watan Maris na ƙasarsu sarai, rana da safe, jaura da dare, sai ta ɗauki tiren shukar yayanta Ejvind ta kai waje wai ta sha hantsi.

Kuma ba shukar banza ba ce. Irin tumatirin mahaifiyarsu ne, rawaya mai zaƙi, wanda Ejvind ke adana ƙwayarsa duk kaka tun rasuwarta. Bara ciwo ya hana shi ajiye da yawa. Ɗan abin da ya rage ya shuka a kofunan yogot, ya damƙa mata amana kafin a kwantar da shi a asibiti don aikin ƙugu.

Maƙwabciya ta kira ta shan kofi, hira ta yi daɗi, ta dawo ta kwanta abinta. Da safe ta tarar sanyin dare ya dafa shuke-shuken, sun kwanta baƙi ƙirin kamar dafaffen alayyafo. Ta tsuguna ta yi kuka. Daga nan ta yi abin da ya fi mantuwar muni: ta je kantin shuke-shuke ta sayo wasu, ta dasa a kofunan nan nasa, har da goge bakinsu don kar a ga sabuwar ƙasa.

Ranar da aka sallamo shi, ko rigar sanyi bai cire ba ya ce a kai shi lambu. Ya zauna a kan kujera, sanda tsakanin gwiwoyi, yana ba da umarni kamar shi ya haife ta.

"Ke Bodil, wannan haƙa ne ko susa? Zurfafa mana!"

"Yaya, in ka fi ni iyawa ga shebur."

"Da ƙugun ƙarfe? So kike ki gaji lambun tun ina da rai?"

Ta yi dariyar da ba ta wuce leɓe ba. Ta ci gaba da juya taki, tsutsotsi na motsi. Ta san ƙaryar tata ba za ta wuce watan Agusta ba, ranar da tumatirin zai nuna ja.

"Kawo min 'ya'yana in gani," in ji shi.

Ta kawo tiren. Ya murza ganye ɗaya, ya kai hanci, ya lumshe ido.

"Sun ma fi na bara ƙarfi. Kin san Solveig ta nemi in bar mata su? Na ce a'a. 'Yata ce, amma ko kanta mantawa take yi. Na ce in dai Bodil ce, zan shiga ɗakin tiyata hankali kwance."

Kunya ta rufe ta.

"Yaya, ba su ba ne."

"Ba su wa ba?"

"Na Mama sun mutu. Na bar su a waje suka kwana. Waɗannan sayo su na yi."

Ta so ya zage ta, ya buga sanda, ya kira ta sakarya kamar lokacin ƙuruciya. Bai yi ba. Ya daɗe yana kallon kofunan.

"Ko ɗaya bai tsira ba?"

"Ko ɗaya."

Ya ajiye kofin da ke hannunsa a hankali, ya dafa sanda ya miƙe da ƙyar. Ta kai hannu za ta riƙe shi, ya kauce.

"Bar haƙan nan haka," in ji shi. "Bana ba sai an gyara gefen tumatirin ba."