Waƙata Ce Ta Nuna Masa Hanya

Ni na buɗe mana shafi a manhajar nan ta mawaƙa, wadda masu sutudiyo ke shiga suna neman sababbin muryoyi. Ni nake hawa tudun bayan tashar Gidan Rumji, ina ɗaga waya sama har hannuna ya sage kafin waƙa ta hau. Jaye, abokin kiɗana, bai ma san inda ake latsawa ba. Shi dai ya zo da sarewarsa, ya busa, ya koma wajen shanunsa.

Shekara bakwai muna tare, ni da gurmi da murya, shi da busa. Amma duk waƙar da na ɗora, abu ɗaya mutane ke rubutawa: "Wane ne mai sarewar nan?" Ba wanda ya taɓa tambayar mai maƙogwaron da ke tsagewa. Ina karantawa raina yana suya. In Jaye ya tambaye ni abin da aka ce, sai in ce masa ana gaishe mu.

Ran nan sai ga saƙon murya daga wani Ɗahiru, mai sutudiyo a Maraɗi. Ya yabi waƙar sama-sama, sannan ya ce mai sarewar yake so ya ɗauka. Sau uku na saurara ko zan ji ya ambaci sunana, Hambali. Ko da kuskure bai faɗa ba. Hassada ce ta kama ni, ba zan sake mata suna ba. Na danna na amsa masa da muryata: "Ai Jaye ya yi arewa da shanu, ba a san ranar komowarsa ba. Kuma busar tasa ni nake gyara ta a waya. Ni dai ina nan."

Shiru, har kwana tara. Ran kasuwa ina zaune a rumfar mai shayi, sai ga babur ya tsaya, Jaye a baya yana washe baki, sarewa a kafaɗa.

"Hambali, ga baƙo daga Maraɗi," in ji shi. "Har ruga ya iske ni. Na ce mishi ni ban busawa in ba kai. In za a ɗauka, mu biyu za a ɗauka."

Ashe Ɗahiru ne da kansa. Na tambayi baƙon wa ya nuna masa rugar.

"Kai mana, malam," Ɗahiru ya ce.

Sai a lokacin na tuna. Mu mawaƙan nan ba mu rufe waƙa sai mun ambaci abokin kiɗa, da ubansa da garinsa, haka muka gada. Kowace waƙa na ɗora, a ƙarshenta ina rera: Jaye ɗan Hamidu, na rugar gabas da Sae Sabuwa, mai jar saniya guntun ƙaho. Mutumin ya bi waƙar ne kawai, yana tambaya har ya ga saniyar.

Ɗahiru ya dube ni, ya dubi Jaye. "Kai kana cewa sai da shi. To, ji abin da shi ya ce."

Ya kunna saƙon. Muryar nan tawa da nake son duniya ta ji, ranar duk rumfar ta ji ta, tas, har mai shayi ya daina fifita wuta.

Jaye bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya gyara sarewarsa ya ce, "Arewa, Hambali? Shekaranjiya hwa ka sha nono a rugata."

Ya hau babur ɗin, suka yi Maraɗi.

Yanzu yana da shafinsa, ina shiga kullum in ƙirga masu saurarensa, in fito da ciwon kai. Jiya na ɗauki sabuwar waƙa ni kaɗai. Da na iso ƙarshe, bakina ya kama "Jaye ɗan Hamidu" da kansa, na kuma dakata inda busa ke shigowa.