Muryar Señora Carmen

"Ɗaga rigar sama, su ga ɗinkin wuyan," in ji Rosmery, da wata murya kamar ana goga ƙarfe a dutse. Sai tari ya sarƙe ta, ta dafe teburin yanka har idanunta suka kawo ruwa.

Wayar tana maƙale a kan sandarta tana ɗaukar teburin, masu kallo kuma sun fara shigowa. Haka suke yi tun da Rosmery ta gama kwas ɗin tallan intanet: ita ke zuba surutu kai tsaye, abokiyar kasuwancinta kuwa, wadda duk benen ke kira Señora Carmen, hannuwanta kaɗai ake gani suna juya rigunan jarirai da ta ɗinka. Da wannan suka tashi daga rabin shago suka kama cikakke a hawa na uku na wani bene a kasuwar Gamarra da ke birnin Lima. Yau wata mai manyan shaguna a birnin Arequipa ta ce za ta kalla, in kayan sun yi mata za ta riƙa sara duk wata. Yau ɗin kuma mura ta ga damar ƙwace muryar Rosmery.

"Ke za ki yi magana," ta raɗa wa Carmen.

"Kin san ba na yi."

"Murya ce kawai, ƙawata, ba fuska ba. Ga matar can ta shigo. So kike mu tsufa a hawa na uku?"

Carmen ta matso kusa da wayar. Ta fara a ɗarare, tana faɗin farashi kamar mai karanta takardar asibiti. Sai wata ta rubuto tana tambaya ko rigar tana zuba in an wanke. Nan fa aka taɓo inda ta sani. Ta ce audugar ba ta cin wuyan yaro, ta ce maɓallan a gaba ta sa su domin ko uban yaro, da hannunsa kamar shebur, ya iya ɓallewa. Dariya ta cika allon. Tana sakin jiki, harshen mutanen garinsu Tarapoto ya fito, mai jan ƙarshen magana kamar waƙa, wanda ta daɗe tana dannewa. Rosmery tana gefe tana rawa babu sauti, tana nuna mata yawan masu kallo.

Sai wani rubutu ya haura, daga shafin da ba shi da hoto.

"Nélida? Ke ce? Na rantse muryarki ce."

Rigar ta suɓuce daga hannunta.

Babu mai kiranta Nélida a duk faɗin Lima. Sunan ta bar shi a Tarapoto, tare da mijinta Wilmer, ranar da ya karya mata yatsu biyu da murfin ƙofa. Da ta fito daga asibiti ba ta koma gida ba, ta ɗauki 'yarta Yesenia daga wurin maƙwabciya ta hau motar Lima. Abin da ya sha gaya mata shi ne ko ramin ɓera ta shiga zai zaƙulo ta, kuma yarinyar zai fara ɗauka.

Rosmery, wadda ta san labarin, ta miƙa hannu ta kashe wayar. Su biyun suka dubi juna. A saman shafinsu, da manyan haruffa, akwai sunan benen da hawa da lambar shago. Rosmery ce ta rubuta, don a kwas an ce musu mai saye ba ya yarda da wanda bai san inda yake ba.

"Yesenia," kawai Carmen ta ce, ta figi jakarta.

Ta san Tarapoto ba nan kusa ba ce, ta san ko jirgi Wilmer ya hau ba zai riga ta zuwa makarantar Yesenia ba. Ƙafafunta ba su san wannan ba. Ta kutsa cikin cunkoson masu turin kaya da masu kiran ciniki, duk namijin da ya sa hular kwano irin ta Wilmer sai gabanta ya faɗi. Wani ya taɓa kafaɗarta, ta yi ƙara. Ashe takardar tallan wandon jins yake miƙo mata.

"A'a, señora, ai ba cizo nake ba!"

A makaranta ta ce wa malama likita za su gani. Yesenia ta fito tana jan jaka tana ƙunƙuni.

"Mama, yau ne fa za a zaɓi 'yan rawa. An ce ni zan tsaya a gaba."

"Yi sauri."

"Kina ji min ciwo a hannu."

Sai a lokacin ta lura da irin riƙon da ta yi mata. A cikin bas ta zaunar da ita can ciki, nesa da taga. Wayarta ta yi ƙugi a jaka, ta kasa dubawa. Ta sake yi. Da ta daure ta buɗe, Rosmery ce: mai rubutun ta bar lamba, ta ce sunanta Teodolinda.

Ƙanwar Wilmer ce. Ita ce ta kai ta asibiti a wancan karon.

Da suka koma, ta shige bayan shago, tsakanin bandir-bandir na yadi, ta kira. Bugu ɗaya aka ɗauka.

"Yaya Nélida! Ashe kina raye! Yesenia fa? Ta yi tsawo?"

"Kin gaya masa?"

"Haba, yaya. Ni?"

"To ta yaya kika same ni?"

Ana jin ƙarar babura ta wajen Teodolinda. "Sabuwar matarsa ce ta turo min shafin. Ciki gare ta, tana neman kayan jariri, kullum tana kallonku. Ita ba ta san muryarki ba. Amma a tsakar gida take kunnawa, ga ta da ƙure sauti."

"Yana nan ɗazu?"

"Ya fita aiki tun safe. Amma ai bidiyon yana nan, za ta sake kunnawa."

"Har yanzu yana nemana?"

"In ya sha, yakan ambaci Yesenia." Ta sassauta murya. "Bai canza ba, yaya. Ita ma sabuwar matar tana sa riga mai dogon hannu a wannan zafin, tana ɓoye tabo."

Da ta fito, Rosmery ta riga ta goge bidiyon, ta zauna a kan kujerar keken ɗinki, hancinta ja wur.

"Laifina ne," ta ce da ƙyar. "Ni na matsa miki. Mu rufe shafin. Kuma ga wani abin haushi: matar Arequipa ta rubuto. Tana son kayan, har da na shagunanta na Cusco. Amma wai da sharaɗin mai maganar ɗazu ce za ta riƙa yi mata talla duk mako. Zan ce mata a'a."

Carmen ta juya. Tana kallon Yesenia, wadda ta manta da fushinta, ta tsaya gaban madubin shago tana gwada takun rawarta. Rufe shafi ba shi ne ƙarshe ba, ta sani. Bayansa sai canza shago, sai canza ɗaki, sai sabuwar makaranta inda babu wanda zai sa yarinyar a gaba, sai wani sunan. Ta taɓa yi, ta san nauyinsa.

Ta ɗauki waya ta rubuta wa Teodolinda: "Turo min hotonsa na kwanan nan."

"Cire adireshin," ta ce wa Rosmery. "Mai so a aika masa ta mota. Matar Arequipa kuma ki ce mata na yarda."

"Carmen, in ya ji fa?"

"Zai ji. In ba wannan makon ba, wani."

Hoton ya shigo. Ya yi ƙiba, ya tara gemu, amma idanun suna nan yadda ta san su.

Ta fara da maƙwabciyarsu Doña Graciela, mai sayar da zanen gado, wadda muryarta ke kaiwa hawa na biyar. Ta miƙa mata wayar.

"Doña, ki kalli fuskar nan da kyau. Mijina ne. In kin gan shi a benen nan, ko kusa da 'yata, ki yi ihu."

Tsohuwar ta ɗora tabarau, ta dubi hoton, ta dubi karkatattun yatsun da ke riƙe da wayar.

"Turo min shi," ta ce. "Kin nuna wa Eusebio mai gadi?"

"Yanzu zan sauka. Daga nan ofishin 'yan sanda."

"Jira in rufe shago. Ba za ki je ke kaɗai ba, Carmen."

"Nélida," ta ce. "A can sai da sunan gaskiya."

Doña Graciela ta jawo ƙofar ƙarfen ta sauko da ƙara, har Nélida ta zabura.