Faranti na Uku

A gidan jaridar nan, duk ranar da majalisa za ta yanke babban hukunci, shafin farko iri biyu ake shiryawa, na "e" da na "a'a", don kada jaridar yamma ta makara. Shekara talatin Baba mai inji yana haɗa farantan da ake buga shafukan nan da su ko a jikinsa. Yau kuwa hannunsa ya ƙi. Ƙasar da ke ƙawance da tasu ta shiga yaƙi, ta ce a biyo ta, ga shi autansa soja ne.

Edita ya sauko ɗakin inji, ya tarar da faranti ɗaya tak a kan tebur, mai cewa MAJALISA TA ƘI.

"Baba, ina ɗan'uwansa?"

"Ban haɗa ba, Yallaɓai."

"Ikon Allah! Kai ne majalisar? Mutanen ƙasar can fa su suka tsamo mu shekarar ambaliya. Yau sun kira, sai mu toshe kunne?"

"Ban ce a toshe ba. Amma in abokinka ya faɗa rijiya, igiya ake miƙa masa, ba a bin sa ciki."

Edita ya san zancen auta, sai ya sassauta murya. "Haɗa dai, Baba. Faranti ba ya tura kowa ko'ina."

Baba ya haɗa, yana jin kamar da hannunsa yake ɗaure wa ɗan nasa jaka. Tsoro yake ji, tsoro na gaske. Ya kife farantin don kada su haɗa ido, ya koma yana goge injin da babu ko ɗigon tawada a kansa.

Ƙarfe uku da rabi Edita ya sake saukowa, yana tsallake matakala, tsufa da tumbi duk ya manta da su.

"Baba, an ɓata maka aiki! Duka biyun ba su yi ba. Ba za a tura soja ba, likitoci da hatsi da masu sulhu za a tura. Minti arba'in ya rage, za ka iya haɗa na uku?"

Baba ya share ido da bayan hannu, ya bar baƙin tawada a kumatu.

"Yallaɓai, ko goma kake so. Amma a ara mini minti ɗaya tukuna, in kira uwar yaron. Tun safe ko ruwa ba ta sha ba."