Waƙa ta Tamanin da Huɗu

Tun kafin Tusajigwe ta hura wuta, muryar mijinta ta riga ta cika gonar ayaba. Ambindwile na bayan ɗaki yana wanke fuska, yana rera waƙa ta tamanin da huɗu a littafin waƙoƙin majami'a, wadda ke zancen Makiyayin da ba ya gajiya da neman tunkiyarsa. Shekara bakwai ke nan ba safiyar da ta wuce bai rera ta ba.

Duk ƙasar Tukuyu an san labarinsa. Shekara ashirin ya yi yana shan giya, har ya sayar da saniyar gidan da kwanon rufin ɗakin girki. Wata Lahadi yana kwance a bakin hanya bai gama wartsakewa ba, ya ji ana wannan waƙa, ya fashe da kuka, kuma tun daga ranar bai ƙara taka gidan giya ba. Haka yake faɗa duk inda aka kira shi ba da shaida, kiran kuwa ba ya ƙarewa. Yau wannan ikilisiya, jibi taron matasa, wani makon jana'izar mutumin da bai taɓa gani ba.

A shaidarsa "wata murya" ce ya ji, jama'a kuma suka ƙarasa masa da cewa ai mala'ika ne. Tusajigwe ta san mala'ikan. Ita ce ta fita nemansa da sassafe, ta same shi cikin kwata, ta zauna kan dutse tana jiran ya iya miƙewa, tana rera waƙar a hankali don kada ta yi kuka a idon masu wucewa. A bakin mahaifiyarta ta koye ta. Da ita ta reni 'ya'ya biyar, da ita ta yi haƙuri ranakun da ya dawo da faɗa. Yanzu ko a sujada aka ɗauko ta, bakinta ba ya buɗewa, don kowa Ambindwile yake juyowa ya kalla.

"Baban Gwakisa," ta ce da ya shigo shan shayi, "ayabar nan ta ƙosa. Jibi motar masu saye za ta zo."

"Jibi ina Kiwira. An gayyace ni."

"To wa zai sare ta, ya kai bakin hanya?"

"Ubangiji zai tanada."

"Ubangiji ya daɗe yana tanadin nan da wuyana."

Ya yi dariya, kamar wasa take. Ita ta sare ayabar, ita ta yi dakonta sahu shida cikin yayyafi. Da can giya ke fitar da shi daga gida, yanzu waƙa. Amma wa za ta kai wa wannan ƙara? Duk wadda ta fara yi wa ƙorafi a zumuntar mata sai ta dafa kafaɗarta ta ce, "Ke dai ki gode wa Allah, da ma nawa mijin ne."

Da shekara bakwai ɗin ta cika, Fasto Mwaisumo ya shirya sujadar godiya. Majami'a ta cika har tagogi. Ambindwile ya ba da labarinsa tun daga farko, da ya zo kan muryar nan ya share hawaye daidai inda ya saba sharewa. Sai faston ya ce, "Maman Gwakisa, taso ki tsaya gefen mijinki, ku ɗauko mana waƙar tare."

Ta taso. Aka miƙa mata abin magana. Mai ganga ya ɗaga hannu yana jira.

"Fasto, ka yi haƙuri, ba zan rera ba," ta ce. "Amma ina da gyara. Ba mala'ika ba ne. Ni ce, a kan dutsen da ke gaban injin niƙa, da zane ɗaya a jikina, don ɗayan ya sayar."

Ta yi tsammanin za a yi tsit, kunya ta kama wani. Sai wata tsohuwa a baya ta saki guɗa. Faston ya ɗaga hannuwa sama ya ce ku dubi ikon Allah, yadda ya sa ceton miji a bakin matarsa. Aka ɗauki tafi, ganga ta tashi, majami'a duka ta kama waƙar da ƙarfin da ba a taɓa yi ba. Tusajigwe na tsaye a gaba da abin magana a hannu, ba wanda ya ji abin da ta zo faɗa. Kafin ta kai ƙofa, ikilisiya biyu sun nemi ta je ta ba da shaida tare da mijin.

A gida ya same ta tana tuƙa tuwon masara.

"Ashe ke ce? Da gaske ban sani ba. Ban ga kowa ba ranar." Ta duba fuskarsa, ta ga ba ƙarya yake ba, wannan ma ya ƙara mata haushi. "Me ya sa ba ki taɓa faɗa ba?"

"Ka taɓa tambayata wani abu a kan shekarun nan?"

"Abin da ya wuce ai Yesu ya yafe mini shi."

"Shi ya yafe, don ka roƙe shi. Ni ba a roƙe ni ba."

Ya tsaya, ya sosa ƙeya, ya fita.

Sai da aka yi kusan wata guda. Wata rana da la'asar tana wanke kwanuka ya zo ya tsuguna gefenta, ya cire hula. Ya ambaci saniyar, ya ambaci rufin, ya ambaci ranar da ya ture ta tana da cikin autarsu, abin da ta ɗauka ya manta. Ya ce ta yafe masa. Hannunta ya tsaya cikin ruwan kumfa. Ta ce, "Na ji. Ka ba ni lokaci."

Ya gyaɗa kai. Ya ɗauki kwano ɗaya ya ɗauraye, ya kife.

"Maman Gwakisa, wannan da muka yi yanzu," ya ce, "in sa shi cikin shaidata ranar Lahadi?"

"A'a."

Ya dube ta da mamaki, har da alamar an ɓata masa rai. Ta ɗauki kwanon da ya kife, ta sake wankewa, don bai fita ba.