Tushe Biyar a Lambun Wilf

"Riƙe min sandar nan, Maureen. Kin tsaya kina kallona kamar 'yar kwamiti."

Ta riƙe. Wilf ya durƙusa cikin laka yana ɗaure tushen burokoli, wani kayan lambu dangin kabeji, don kada iskar Nuwamba ta girgiza saiwar. Shekara goma sha ɗaya ke nan lambunsa na jikin nata, a filin haya na bayan layin dogo. Numfashinsa na fita da ƙara.

"Wata biyar kana yi wa ganye bauta, tsoho. Ina abin ci?"

"Sai Maris, uwar gaggawa. Wannan irin sai sanyi ya dake shi yake haihuwa."

Da zai miƙe, sai da ya dafa kafaɗarta. Bai taɓa yin haka ba.

Ya rasu wata Talata cikin Janairu, a kan kujerarsa, shayinsa a gefe. Maureen ta je coci, ta ci burodin da aka raba bayan binnewa, ta dawo gida ta wanke kofi ɗaya. Kuka bai zo ba. Kowace safiya takan je lambunsa ta gyara ragar da ya lulluɓa wa burokolin don kada tantabaru su cinye, ta karkaɗe mata ƙanƙara, ta koma.

Wata Asabar a Fabrairu ta tarar da ragar a ƙasa. Hazel, 'yar Wilf da ke Landan, tana tuge shukar da sabuwar safar hannu. Tushe huɗu na kwance a baro.

"Anti Maureen! Kwamitin filin haya sun ce in share lambun kafin ƙarshen wata, akwai mai jiran filin. Wannan kam bai yi ba. Baba ke nan, ganye zalla ya noma mana."

Maureen ta daɗe tana kallon baron.

"Nawa suka rage?"

"Biyar."

Ta sunkuya ta buɗa ganyen guda ɗaya da yatsunta masu sanyi. Can tsakiya ga toho, launin makuba, bai fi farcen babban yatsa ba.

"Sai Maris," ta ce.

Hazel ta cire safar a hankali. "Bai gaya min ba. Kullum a waya sai ya ce lafiya lau, lambu ma lafiya." Ta juya wajen baron. "In na mayar da su fa?"

"Ba za su kama ba, 'yata."

"Kwamitin fa?"

"Bar ni da su. Sati uku ba zai kashe mai jira ba."

Suka ɗauki ragar, kowace da gefe ɗaya, suka lulluɓe biyar ɗin. Igiya ta gaza. Maureen ta shiga rumfar Wilf, inda kwat ɗinsa ke rataye har yanzu a ƙusa, ta sa hannu a aljihun dama. Ƙullin igiyar na nan, da 'yar wuƙarsa.

Tana ɗaure kusurwar ƙarshe, tantabara ta sauka a kan rufin rumfar, ta karkata kai tana jira.