Fuskar Malam Habibu

Malam Sammani yana tsaka da goge allo aka aiko cewa Hajiya na nemansa a ofis, kuma ya yi sauri. Shekararsa goma sha tara yana koyar da zane a firamare, ba a taɓa kiransa da sauri don wani abin arziki ba. Ya karkaɗe alli daga rigarsa, ya tafi.

Hajiya Ma'u ita ce mai makarantar, ita ce shugabarta. A gefen teburinta wani mutum ne tsaye cikin koɗaɗɗiyar jaket, makullin babur a hannunsa. Furera, 'yar aji huɗu, tana durƙushe a bakin ƙofa, kanta a ƙasa.

Da aka gama gaisawa Hajiya ta ce, "Wannan Malam Habibu ne, mahaifin Furera. Ya zo cire ɗiyarsa. Ka san makarantu uku ne a layin nan na Ƙofar Durbi, kowace bakinta a buɗe. In yarinyar nan ta fita, kai ma ka bi bayanta."

Ta turo masa wata takarda. Nan take ya gane aikin da ya ba yara ne. Makon jiya ya nuna wa 'yan ajin hotunan wani shahararren mai zane ɗan ƙasar Sifen, wanda kan haɗa gaban fuska da gefenta a wuri guda, ya ce kowa ya zano wani na gidansu a haka. Ya zaɓi salon ne da dabara: ba uban da zai ce an kwaikwayi halitta, tunda abin bai yi kama da kowa ba, kuma ba yaron da zai kasa. A ransa har ya yaba wa kansa.

"Malam," in ji Malam Habibu, "ni ɗan kabu-kabu ne, ban yi boko ba, amma na san inda Allah Ya ajiye mani hanci. Jiya takardar nan ta faɗo daga jakarta a tasharmu ta Ƙofar Ƙaura. Ga shi an rubuta Babana a ƙasa. Tun jiya ba wanda ya kira ni da sunana. Mai Ido a Ƙeya suke ce mani. Kuɗin makaranta nake biya a koya mata raina ni?"

Malam Sammani ya gyara murya, ya ɗauko bayanin da ya saba. Ya ce wannan salo ne da duniya ta san da shi, masana sun yi rubutu a kansa, mai zanen ma har gidajen tarihi ake rataye aikinsa.

"To madalla. Shi ma ubansa ya zana haka?"

Malam Sammani bai sani ba. Don ya samu wurin ɓoye idonsa sai ya sunkuya kan takardar. A gaskiya yau ne ya fara kallonta. Ranar da ya duba aikin, takardu arba'in da biyu ne a gabansa, ga azahar ta kawo jiki.

Rabin takardar ƙeyar mutum ce, da wuyan jaket, da wani ɗan tabo a ƙasan gashi. Kunne ɗaya. Hanci ya leƙo ta gefe kamar mai jin kunya. Can sama kuma ido ɗaya tak, an kewaye shi da da'ira, da'irar tana kan wani siririn ƙarfe.

"Furera, me ya sa kika sa idon a cikin da'ira?"

Sai da Hajiya ta ce, "Yi magana mana, ba cinye ki za a yi ba."

"Madubin babur ne," ta faɗa ƙasa-ƙasa. "Kullum in zai kawo ni ina bayansa. Ƙeyarsa nake gani da kunne. Idon kuma a madubi yake."

"Hancin fa?"

"Sai in zai sha kwana yake fitowa."

"To ina bakin? Ba ki zana baki ba."

Ta ƙara sunkuyar da kai. "Malam, ai ba a kallon Baba a fuska."

Shekara nawa Malam Sammani yana gaya wa yara cewa mai zanen nan yana ganin mutum ta ɓangarori da yawa a lokaci guda, yana faɗa yana kaɗa hannu kamar ya gane. Ashe mai ganewar tana zaune a benci na uku.

Malam Habibu ya kai hannu bayan wuyansa, ya lalubo tabon. "Wannan tun ina yaro ne, ƙaya ce. Ni kaina ban taɓa ganin shi ba."

Furera 'yar fari ce, ko sunanta ba ya kamawa, balle ya yabe ta a gaban mutane. Don haka bango ya kalla ya ce, "Yarinyar nan ta koma aji."

Ta tashi ta fice da sauri. Hajiya ta sauke ajiyar zuciya, ta hau gyara takardun da ba su buƙatar gyara.

Malam Habibu ya ɗauki zanen, ya fara naɗewa, sai ya fasa, ya miƙe shi da tafin hannu. Idonsa ya tsaya a kusurwar sama, inda aka yi rubutu da jan biro.

"Malam, wannan mi ne?"

"Maki ne. Bakwai."

"Bakwai cikin nawa?"

"Cikin goma."

Malam Habibu ya dube shi sosai, ido cikin ido. "To ukun ina suka tafi?"

Malam Sammani ya hau laluben aljihunsa yana neman jan biro.